Keken hawan dutse na farko: mai shokozoba biyu ko mai guda ɗaya?

Tambaya: "Ina so in sayi sabon keken hawan dutse, kuma shi ne na farko da zan mallaka. Tsawona santimita 175. Na ga guda biyu da kuɗinsu ya zo kusan ɗaya. Na farko yana da shokozoba gaba da baya, da giya 21. Na biyu shokozobarsa a gaba kaɗai take, giyarsa 10. Zuciyata ta fi kwanciya da na farkon tunda ya fi kaya. Wanne zan ɗauka, kuma me zan duba kafin in biya?"

Ɗan'uwa, na biyun za ka ɗauka, muddin girmansa ya yi maka daidai. Na daɗe ina kwance irin waɗannan kekuna ina ɗaurawa, ina kuma hawansu, kuma babu kuskuren da ya fi ɓata mini rai kamar wannan da kake dab da yi, domin yana raba mutum da kuɗinsa, sannan ya raba shi da sha'awar hawan keken gaba ɗaya. Bari in nuna maka dalili, don kada ka ɗauki maganata a makance.

Idan kekuna biyu suka zo a farashi guda, ɗaya kuma ya fi tarin kaya, to an rage ingancin kowane kaya ne don kuɗin ya isa. Shokozobar baya ba ita kaɗai take zuwa ba. Sai an raba firam gida biyu, an haɗa shi da gaɓoɓi masu motsi, kowace gaɓa da boris ɗinta da notinta. Yin wannan da kyau aiki ne mai tsada. Kamfanin da ya ba ka shi da araha ya ciro kuɗin ne daga birki, daga wili, daga fok na gaba (ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, inda shokozobar gaba take), wato daga wuraren da rayuwarka ta rataya a kansu lokacin da kake gangarowa. Araha ba ta ado.

Kwanakin baya wani matashi ya turo mini irin wannan keken, wata huɗu da saye, fentinsa ko ƙwarzane babu. Na riƙe sirdi da hannu ɗaya, na kama tayar baya da ɗaya hannun, na girgiza ta hagu da dama. Bayan keken gaba ɗaya ya riƙa kaɗawa yana ƙwas-ƙwas, domin gaɓar da ke tsakiya ba boris ba ne a ciki, ɗan zoben roba ne, kuma ya riga ya cinye. Na danna sirdin da ƙirjina na saki, sai keken ya yi tsalle sau biyu kafin ya tsaya. Da muka ɗora shi a sikeli ya haura kilo 17. Yaron ya ce shi a zatonsa haka hawan dutse yake, wahala zalla. Kyan ɗan maciji ne kawai keken nan, kuma har yau ina jin takaicin abin.

Wannan tsallen da na ambata shi ne bakin zaren. Shokozoba ta gaskiya abu biyu ce a haɗe. Akwai abin da ke karɓar duka, wato sifirin na ƙarfe ko iskar da aka matse a cikin bututu. Akwai kuma mai da ke bi ta ƙananan ramuka yana rage saurin lotsawa da saurin dawowa. In babu man nan, duk ƙarfin da dutse ya tura cikin sifirin zai dawo maka da shi nan take, taya ta bar ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki, ba ta jin juyi. Yawancin shokozobar baya ta kekuna masu araha sifirin ne tsirara. Don haka idan ka je wurin saye, ka matse birkin gaba, ka danna kan keken da dukan nauyinka, ka saki. Fok mai kyau zai lotsa a hankali ba tare da cijewa ba, ya dawo sau ɗaya ya tsaya cak. In ya dawo da ƙara kamar an buga guduma, ka san abin da ke ciki. Sannan ka leƙa ƙasan ƙafar fok ɗin ta dama, yawanci a nan ake sa ɗan maɓallin da ke daidaita saurin dawowa. Samunsa alama ce mai kyau.

In da hali, ka nemi fok mai iska. Amfaninsa shi ne ana daidaita shi da nauyin mai keke ta hanyar ƙara iska ko ragewa da wani ɗan famfo na musamman. Ƙa'idar ita ce idan ka hau ka miƙe tsaye a kan feda, fok ya lotsa kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tsawon tafiyarsa, wato iyakar nisan da yake iya lotsawa. Na sifirin kuwa an yi shi ne don matsakaicin nauyi, wanda bai kai ba zai ji shi kamar itace, wanda ya wuce kuma ya riƙa buga ƙasa. Ka dubi kaurin bututu biyun da ke shiga suna fita: milimita 28 ko 30 na kekunan yawo ne, 32 zuwa 35 shi ne abin da zai jure dutse ba tare da lanƙwasa ba. RockShox da Fox su ne manyan sunaye a cikin kamfanonin da ke ƙera fok, SR Suntour kuma tana da masu kyau da masu rauni, gwargwadon samfurin.

Kada ka raina keke don ba shi da shokozobar baya. Mutanen da suka fara wannan wasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a shekarun 1970, irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, da tsofaffin kekunan Schwinn suke gangarowa daga tsauni. Tserensu na farko a 1976 sun sa masa suna Repack, saboda birkin cibiyar baya kan yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko. Breeze ya ƙera firam na farko da aka yi musamman don wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, kuma fok ɗin RockShox na farko bai bayyana ba sai 1989. Fiye da shekara goma kusan kowa na hawan dutse ne babu shokozoba. Keken da kake kallo yau mai shokozobar gaba da birkin faifai ya fi duk abin da waɗancan suka hau nesa ba kusa ba.

Yanzu maganar giya 21 da 10, wadda na san ita ce ta fi ruɗa ka. Giya 21 na nufin faifai 3 a gaba, 7 a baya. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen maimaici ne, wasu kuma ba a amfani da su saboda sarƙa na karkacewa. Abin da ya dame ka shi ne giyar da ta fi sauƙi, wadda za ta hau da kai tudu. A irin waɗancan kekuna ƙaramin faifan gaba yakan zama mai haƙora 24, babban na baya 28. Raba 24 da 28, za ka ga duk zagayen feda ɗaya taya na yin kashi 86 cikin 100 na zagaye. A keke mai giya 10 na zamani kuwa, sau da yawa za ka tarar da haƙora 30 a gaba, babban na baya 46, wato kashi 65 cikin 100. Ka ga ke nan mai giya 10 ɗin ne zai fi hawa da kai tudu mai tsayi cikin sauƙi. Ka ƙirga haƙoran nasa da kanka, ko ka karanta lambar da aka buga a jikin faifan, domin akwai masu giya 10 da babban faifansu bai wuce 36 ba.

Faifai ɗaya a gaba yana da wata fa'idar: hannu ɗaya kawai ke canza giya, kuma sarƙa ba ta cika faɗuwa ba, domin haƙoran faifan ana yin su ne ɗaya siriri ɗaya mai kauri don su riƙe ta. SRAM, wadda ke ƙera kayan giya, ita ce ta yaɗa wannan tsari da samfurin XX1 a 2012, ta kai shi giya 12 da samfurin Eagle a 2016, takwararta Shimano ma ta biyo baya. Ka duba ko abin canza giya na baya yana da ɗan makullin da ke ɗaure hannunsa, wanda Shimano ke kira Shadow Plus. Shi ke hana sarƙa dukan firam a kan gargada. Akwai kuma wani ɓoyayyen aibi a masu giya 7: yawancinsu firiwil ne da ake murɗawa a jikin cibiya, boris ɗin dama yana can ciki nesa da firam, don haka sandar wili takan lanƙwashe ko ta karye idan ana dira da keken. Na canza irin wannan sanda ba adadi.

Sunayen kayan Shimano suna hawa ne kamar tsani: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore, SLX, XT, XTR a sama, ga kuma CUES da aka kawo a 2023 don maye gurbin wasu na tsakiya. Na SRAM kuwa SX, NX, GX, sai na sama da su. Daga Deore ko NX zuwa sama, bambancin galibi na nauyi ne da laushin aiki, ba sai ka kai can ƙololuwa ba. Amma ka lura da wata dabara ta masu haɗa keke: sukan sa abin canza giya na baya mai babban suna, tunda shi ido ke fara gani, sauran kayan kuma su cika da na ƙasa. Ka karanta sunan da ke kan madannin giya, da birki, da cibiyar wili.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, ita ce kuma nake fara yi wa duk wanda ya zo wurina: a ina za ka hau shi? Wurin da za ka riƙa zuwa duk mako nake nufi, ban da wanda ka gani a bidiyo. In hanyoyin ƙasa ne da tsakuwa da 'yan tuddai, fok mai tafiyar milimita 100 zuwa 120 ya wadatar, keken zai yi sauƙi, ya yi gudu. In akwai duwatsu da saiwoyi da gangara mai tsanani, ka nemi 120 zuwa 140. Masu 160 zuwa 180 na masu tseren gangara ne da ke hawa da ƙafarsu, masu 200 kuma ba a ma hawa tudu da su, mota ko lilon tsauni ke kai su sama. Sayen keken da ya fi ƙarfin hanyarka ɗaukar kaya ne kawai, za ka riƙa tura nauyin da ba ka amfana da shi.

Sai girma, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Birki mara kyau ana canza shi, taya ana canza ta, amma firam ɗin da bai yi maka daidai ba sai dai ka sayar da keken. Da tsawon santimita 175, a jadawalin yawancin kamfanoni kana cikin matsakaicin girma, wanda ake rubuta wa M, sai dai M na wannan kamfani ba lallai ya zama M na wancan ba. Awon da ya fi faɗin gaskiya shi ne nisan da ke tsakanin cibiyar feda da saman wuyan keke idan aka auna a kwance, domin shi ke nuna yadda za ka ji idan ka miƙe a kan feda, kuma a tsaye ake gangara. Ga mai tsawonka, wani abu tsakanin milimita 435 da 460 shi ne inda za ka fara nema. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ka tabbata akwai sarari tsakaninka da bututun sama. Ka ɗaga sirdi yadda idan dugaduginka na kan feda a can ƙasa ƙafarka za ta miƙe sak. Sannan ka tuƙa. In ka ji kana miƙa hannu kamar mai ɗauko abu a kan kanta, kafaɗunka sun ɗaure, ya yi maka girma. In gwiwoyinka na neman taɓa kan keken wajen juyi, ya yi kaɗan.

Na taɓa ganin wani ya sayi babban firam saboda shi kaɗai ya rage kuma an yi masa ragi. Muka fita tare, muka iso wata 'yar gangara mai kwana a ƙarshenta. Ina bayansa ina kallo: hannuwansa a miƙe ƙam, ya kasa lanƙwasa gwiwar hannu, nauyinsa duk ya koma baya, tayar gaba ta zama ba kowa a kanta. Yana karya kwanar ta zame, ya sha ƙasa. Babu abin da ya lalace a keken, tsawonsa ne kawai ba nasa ba. Duk mai sayarwar da ya ce maka "za ka saba da shi", ka yi masa godiya ka tafi.

Ka kuma dubi yadda fok ya kwanta. Kamfanoni na rubuta kusurwar wuya a jadawali: digiri 65 zuwa 67 na ba da natsuwa a gangara, 69 zuwa sama kuma na sa keke saurin juyi amma yana tsorata sabon mahayi idan hanya ta sunkuya.

Girman wili ba abin dogon tunani ba ne a wurinka. Inci 29 ya fi haye ramuka da duwatsu kuma ya fi riƙe gudu, 27.5 ya fi saurin juyawa kuma ya fi dacewa da gajerun mutane. Kai kowanne zai yi maka, ni dai 29 zan ba ka. Inci 26 a sabon keken manya alama ce ta tsohon tsari, kuma tayoyinsa masu kyau sai ƙara wuyar samu suke yi.

Birki kuwa ba na sassauci a kansa. Ya zama na faifai mai aiki da mai, wanda yatsa ɗaya ke iya tsayar da kai. Na waya yana aiki, amma a doguwar gangara hannu ke gajiya, kuma hannun da ya gaji shi ke sakin kan keke. Faifan birkin gaba ya kai milimita 180 idan kana da jiki ko gangararku na da tsawo, 160 ya isa a baya. Ka tambayi irin man da yake sha tun ranar saye. Na Shimano man ma'adini ne, yawancin tsofaffin na SRAM kuma wani mai ne da ake kira DOT, kuma in aka zuba wa ɗaya na ɗayan robobin ciki za su kumbura su lalace.

Firam ya zama na alminiyom. Kabon ya fi sauƙin nauyi, amma kuɗin da za ka ƙara dominsa ya fi amfani a fok da birki. Abin da nake so ka duba a firam ɗin shi ne ko zai karɓi kaya masu kyau nan gaba. Wuyan ya zama mai faɗi a ƙasa, siriri a sama, domin kusan duk fok mai inganci yanzu haka ake yin sa. Wili ya zama mai kakkaurar sanda da ake murɗawa cikin firam, milimita 15 a gaba da 12 a baya, a faɗin da ake kira Boost, wato 110 a gaba, 148 a baya. In ka samu duka biyun, madalla. In kuɗi bai kai ba, wuyan ya fi muhimmanci. Sannan akwai ɗan ƙarfen da abin canza giya ke rataye a jikinsa, wanda aka yi shi don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam idan ka faɗi. Kowane firam da irin nasa, ban da masu amfani da irin wanda SRAM ta kira UDH, da ya zama gama-gari. Ka sayi guda ɗaya na ajiya a ranar da ka sayi keken, kada ka bari sai ya karye ka shiga nema.

Abu biyu ne za su canza maka hawan fiye da yadda kake zato. Na farko sandar sirdi mai sauka da tashi: ka danna ɗan madanni da babban yatsa, sirdi ya nutse, ka samu wurin sunkuyawa a gangara, ka sake dannawa ya dawo. In keken bai zo da ita ba, ka tabbata firam ɗin na da ramin shigar wayarta. Na biyu taya mara tub, mai ruwan da ke toshe huda da kansa. Tana ba ka damar rage iska zuwa wajen 22 zuwa 28 a ma'aunin psi gwargwadon nauyinka, taya ta rungumi ƙasa. Yawancin sababbin mahaya suna cika taya har ta zama kamar dutse, sannan su yi mamakin yadda keke ke zillo. Faɗin taya inci 2.3 zuwa 2.5 ya yi.

Kada ka zuba dukan kuɗinka a keken. Ka ware na hular kwano wadda ta rufe ƙeya, da safar hannu, da famfo mai ma'auni, da makullan gyara na aljihu, da man sarƙa. Kekuna masu kyau da yawa ba sa zuwa da feda, ko su zo da na roba mai santsi, don haka ka sa fedoji masu faɗi da 'yan ƙusoshi a lissafi.

Ranar saye, ka ɗaga kowane wili ka juya shi, ka ga ko yana rawa ko faifan birki na gogar wani abu. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas a wuya to bai ɗauru ba. Ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya kana tuƙi, har da kan ɗan tudu idan akwai. Ka karɓi rasit da takardar garanti, ka karanta shekarun da aka ba firam da waɗanda aka ba sauran kaya, ka rubuta lambar da ke ƙarƙashin cibiyar feda ka adana. In ta intanet za ka saya a aiko maka a kwali, ka kai wa ƙwararren mai gyara ya haɗa, domin na sha ganin fok da aka ɗaura a juye, gaba ya koma baya. Kafin ka nufi dutse, ka nemi fili ka yi gudu ka ja birki da ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, sau 20 ko fiye a kowane birki, don fatar birkin ta zauna a kan faifai. Bayan 'yan makonni wayar giya za ta saki, wayoyin wili su ɗan yi sako-sako, sai ka mayar a sake ɗaure su. Fok kuma yana son a buɗe ƙafafunsa a canza mai, RockShox ta ce duk bayan awa 50 na hawa.

Shokozobar baya tana da ranarta. Idan ka yi shekara ɗaya ko biyu a kan wannan, ka fara jin cewa bayan keken ne ke hana ka gudu a cikin duwatsu, to lokacin ya yi, kuma a lokacin za ka san tafiyar milimita nawa kake bukata ba sai an gaya maka ba. Mai kyau daga cikinsu yakan fi mai shokozoba ɗaya tsada sosai ko da sauran kayansu iri ɗaya ne, ga hidimar boris na gaɓoɓi da ta shokozobar kanta. Yanzu dai ka koma wurin na biyun da awon tsawonka a hannu, ka ƙirga haƙoran babban faifan baya, ka danna fok ɗin ka saurara, ka roƙi a bar ka ka zagaya da shi na minti goma.